Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma Kan Lasisin Rumfuna da Izinin Taro

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa, cikinmu akwai 'yan kwana-kwana da duba-gari da masu aikin wutar lantarki, kuma buƙatarmu ɗaya ce: kada hatimin ƙaramar hukuma ya sake hawa lasisin rumfar kasuwa ko izinin taro sai wani ya je wurin da ƙafarsa, ya auna, ya sa hannu da sunansa. A yawancin wurare lasisi rasit ne kawai na kuɗin shiga, alhali mai saye da mai zuwa biki suna ɗauka cewa hukuma ta duba ta amince.

Bari mu fara da taro, domin a can ne ake rasa rayuka da yawa cikin 'yan mintuna. Izinin taro dole ya ɗauki adadin mutanen da aka yarda su shiga, kuma adadin ba ya fitowa daga bakin mai taron. Lissafi biyu ake yi, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Na farko faɗin wuri ne. A auna filin, a cire dandamali da rumfuna da wurin janareta da hanyar motar asibiti, abin da ya rage a ba kowace murabba'in mita mutum biyu a tsaye. Fili mai mita 40 da mita 25 ya ba da murabba'i 1,000. Idan aka cire 200, saura 800, wato mutum 1,600. Da zarar an kai mutum biyar a murabba'in mita ɗaya, mutum ba ya iya juyawa yadda yake so, kuma daga shida zuwa bakwai jama'a kan riƙa tafiya da shi ko bai ɗaga ƙafa ba. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a turmutsitsi matse ƙirji ne ke kashe su, sau da yawa ma suna tsaye.

Lissafi na biyu na ƙofofi ne, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa. Ma'aunin da ake amfani da shi a filayen wasa na Birtaniya ya nuna ƙofa mai faɗin mita ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri tana fitar da mutum 82 a minti ɗaya, idan da matakala kuma 66, sannan ana son kowa ya fita cikin minti takwas. Kafin a yi lissafin a cire ƙofa mafi girma, a ɗauka wuta ko hatsaniya ta tare ta. Wancan filin, idan ƙofofinsa biyu ne masu mita bibbiyu, ɗaya ce za a ƙirga, ita kuma mutum 1,312 za ta fitar. To 1,312 za a rubuta a izinin, komai ƙorafin mai sayar da tikiti. In yana son 1,600 ya buɗe ƙofa ta uku.

A filin ƙwallon ƙafa na Hillsborough a Ingila a 1989, inda turmutsitsi ya kashe mutum 97, ɓangarorin tsakiya biyu na wurin tsayuwar 'yan kallo an ƙiyasta musu mutum 2,200 a takarda. Binciken da ya biyo baya ya nuna bai kamata adadin ya kai 1,700 ba, kuma a ranar fiye da 3,000 ne a ciki. A wani bikin kiɗa a Duisburg ta Jamus a 2010 masu shiga da masu fita hanya ɗaya suka bi, mutum 21 suka mutu. Turmutsitsin unguwar Itaewon a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, a watan Oktoba 2022, ya fi ba da tsoro ga mai riƙe da kujera irin taka, domin taron ba shi da mai shirya shi, babu wanda ya nemi izini, mutum 159 suka rasu a wani lungu da faɗinsa bai wuce mita huɗu ba. Saboda haka ya kamata dokar ƙaramar hukuma ta faɗi ƙarara wane ofishi ne ke da alhakin taron da jama'a ke haɗuwa da kansu. Rabon kayan tallafi kyauta shi ma taro ne, ya fi kowanne hatsari ma, tunda kowa na tsoron kaya su ƙare kafin a zo kansa. A raba kati tun kafin ranar, a buɗe ƙofa kafin jama'a su taru a bakinta.

Mai neman izinin babban taro ya miƙa takardunsa aƙalla mako huɗu kafin ranar, da zanen wurin, da sunan mutum ɗaya da ke da ikon tsayar da taron nan take ba tare da neman yardar kowa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kasuwa. A nan wuta ce babbar abokiyar gaba, kuma hanyoyin shigarta sanannu ne. Wayar ƙari mai amfiya 13 ba ta ɗaukar abin da ya wuce wat 3,000 ko kusa da haka. Idan aka jona mata firji da abin dafa ruwa da dutsen guga, ko aka bar ta a nannaɗe tana aiki, robarta kan yi zafi ta narke, galibi da dare bayan an rufe. Kowane layin rumfuna ya samu birekarsa daidai da kaurin wayarsa, da na'urar nan mai yanke wuta idan ta fara yoyo, mai miliamfiya 30, da makunni ɗaya da mai gadi zai kashe wa layin gaba ɗaya. Wanda ya cire fis ya ɗaura waya a madadinsa ya cire abin da zai ƙone kafin rumfa ta ƙone.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata, ya taru ƙarƙashin teburi har ya samu tartsatsi. Tukunya ta tsaya a tsaye a inda iska ke shiga, ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100, ana gwada tiyo da regileta da ruwan sabulu, a rufe daga kan tukunyar idan an tashi. Masu suya da mai su ajiye murfi ko bargon kashe wuta kusa da hannu, domin ruwa a kan mai mai ci watsa wutar yake yi. Janareta kuma a waje, kamar mita shida daga ƙofa ko taga, saboda iskar kabon monoksaid mai guba da yake fitarwa ba ta da wari balle launi, kuma ba a zuba masa mai yana aiki ko da zafinsa.

Duk wannan bai kai hanyar motar kashe gobara muhimmanci ba. Tana buƙatar faɗin da bai gaza mita 3.7 ba, babu rumfa ko waya da ta rataya ƙasa-ƙasa. Abin takaici, sau da yawa ofishin kuɗin shiga ne da kansa ke yanka wa masu tebur rasit a tsakiyar wannan hanya. A shata ta da fenti, a rubuta a doka cewa rasit ɗin da aka yanka a cikinta ba shi da amfani, kuma jami'in da ya yanka shi ne zai amsa tambaya.

Na masu abinci gajere ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ba da ma'auni: a dafa har zafi ya kai digiri 70, a ajiye mai zafi sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, dafaffe kada ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Duba-gari ya riƙe ma'aunin zafi, ya kuma tabbatar akwai ruwa da sabulu.

Ranka ya daɗe, kada wannan ya zama sabuwar hanyar tatsar ƙananan 'yan kasuwa. Mai sayar da yadi da mai suya da gas ba hatsarinsu ɗaya ba, don haka a raba lasisi mataki-mataki: wanda ba ya amfani da wuta rajista ta ishe shi. A lika kuɗin kowane mataki da jerin abin da za a duba a bakin ofis da ƙofar kasuwa, a yaren da mutane ke ji. Laifin da ba ya barazana ga rai a ba shi wa'adin gyara a rubuce kafin tara. Wanda ya sa kwaɗo a ƙofar fita ko ya tare hanyar mota, wannan a rufe shi ranar. A kuma raba mai karɓar kuɗi da mai dubawa, domin idan mutum ɗaya ne, wanda ya biya ba zai taɓa faɗuwa a duba ba.

Muna roƙon ka kai waɗannan gaban kansiloli a zamanku na gaba, ka kuma sa a fara da auna ƙofofi da hanyoyin mota na kasuwannin da ke ƙarƙashinka, a buga sakamakon kowa ya gani.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wasu daga cikin masu duba tsaron kasuwanni da wuraren taro