Kada birni ya ci gaba ya bar karkara a baya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan manufar Tarayyar Turai ta rage tazara tsakanin yankuna masu hali da marasa hali, wadda ke cin kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafinta. A zangon 2021 zuwa 2027, dole kowace ƙasa ta ware wa birane aƙalla kashi 8 cikin 100 na kasonta daga asusun raya yankuna. A baya kashi 5 ne.

Na ga hikimar hakan, domin a birni ne mai shi da marar shi ke kwana katanga kawai ta raba su.

Amma a dubi Romaniya. Matsakaicin arzikin mutum guda a Bukares, babban birnin ƙasar, ya haura na Tarayyar, alhali arewa maso gabashin ƙasar na cikin yankunan da suka fi talauci. Matashi ya ɗauki jakarsa ya hau motar asuba, ya bar tsofaffi da ajin makaranta rabi babu kowa. Wannan na damuna ƙwarai. Da so samu ne, a fi zuba kuɗin a ƙananan birane da hanyoyin da ke haɗa su da ƙauyukan kewaye.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku