Aikin mishan a ƙasar Shipibo: a san gidan suruka kafin a kafa coci

Malam Edita, muna gaisuwa. Ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana kan wata al'umma da ba a cika jin sunanta a nan ba. Duk lokacin da zancen mishan ya taso a jaridunmu, ba ya wuce Afirka, kuma ba ya wuce yabo ko zagi. Muna so mu kai masu karatu ƙasar Peru, bakin kogin Ukayali da ke cikin dajin Amazon, wurin mutanen Shipibo-Konibo. Yawansu ya ɗan haura dubu 30, suna zaune a ƙauyuka fiye da ɗari sama da ƙasa da birnin Pukalpa. Sun shafe shekara fiye da 300 suna karɓar baƙi masu wa'azin Kiristanci, kuma abin da ya fi yanke wa aikin hukunci, ya yi kyau ko ya lalace, shi ne yadda baƙon ya fahimci tsarin gidansu.

Gidan Shipibo na mata ne. A al'adarsu idan an yi aure, ango ne ke tattara komatsansa ya tare a wurin iyayen amarya, ya yi wa surukinsa aikin gona da kamun kifi, daga baya ya kafa ɗakinsa a gefen na surukarsa. Saboda haka idan ka ga gidaje huɗu ko biyar a jere a bakin ruwa, galibi uwa ce da 'ya'yanta mata da jikokinta, mazan kuwa kowa daga wani wuri ya zo. Ɗakin a kan turaku yake saboda ambaliya, rufinsa ganyen kwakwar daji, sau da yawa ba bango, gidan sauro shi ne ɗakin kwana. Madafa daban take, kuma a nan ake yanke shawarar wa zai auri wa, wane yaro za a tura makaranta, da wanda za a kai wa mara lafiya. Kuɗin hannu ma mata ne suka fi kawo shi: su ke ɗinka zanen nan mai layi-layi da ake kira kene a jikin tufa, su ke gina tukwane da hannu, su ke zuwa Pukalpa da Lima, babban birnin ƙasar, su sayar. Gwamnatin Peru ta sa kene cikin kayan gadon ƙasa a 2008.

Baƙon da bai san wannan ba yakan tara maza, ya zaɓi saurayi mai jin Sifaniyanci, ya tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki, ya dawo da shi fasto. Sai a wayi gari fasto yana zaune a inuwar surukarsa, wadda kunya ba ta barinsa ya ɗaga mata murya, balle ya ce mata ta bar abin da ta gada. Wa'azi na tafiya ranar Lahadi, gida na tafiya yadda tsohuwa ta ce. Coci kan zauna da gindinsa ne a inda aka fara shawo kan iyaye mata, aka koya musu karatu da harshensu, aka kuma bar musu riƙon asusu.

Tarihi ma ya nuna haka. Limaman Katolika na ɗarikun Faransiskan da Jesuwit sun shigo Ukayali tun ƙarni na 17, ɗauke da gatari da adda da ƙugiya da allura. Ƙarfe ya jawo mutane, domin mai sare itace da gatarin dutse ya san darajar na ƙarfe. Amma limaman sun so su tara jama'a a gari ɗaya, su raba namiji da matansa in ban da ɗaya, su riƙe yara a hannunsu. Taruwa wuri guda ta ba agana da ƙyanda hanya. A 1695 mutanen Konibo, 'yan'uwan Shipibo, suka kashe limamin Jesuwit Heinrich Richter. A 1766 wani shugaba mai suna Runkato ya jagoranci tawayen da ya share tashoshin Faransiskan daga yankin, sai a 1791 suka dawo suka kafa tashar mishan ta Sarayaku. Da kayan ƙarfe sun yanke ko annoba ta ɓarke, sai mutane su shiga kwale-kwale su watse.

Zamani na biyu ya zo da masu bishara daga Amurka da Turai a ƙarni na 20. An gama hanyar mota daga Lima zuwa Pukalpa a 1943. A 1946 ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wadda William Cameron Townsend ya kafa, ta fara aiki a Peru, ta kuma yi sansani a bakin tabkin Yarinakoca, da ƙananan jiragen sama masu sauka kan ruwa da rediyon magana da ƙauyuka. Tare da ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta soma horar da malamai 'yan ƙasa masu koyarwa da harshe biyu a 1953. A 1960 wani likita Bajamushe, Theodor Binder, ya buɗe asibiti a wannan bakin tabki. Mishan na Suwizalan kuma ya kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Kashibo, kusa da Pukalpa. Ba za mu tauye musu haƙƙi ba: an rubuta harshen, an fassara Sabon Alkawari, an yi allurar rigakafi, kuma daga cikin malaman da aka horar ne aka samu waɗanda suka iya zama da jami'an gwamnati suka nemo wa ƙauyukansu takardar mallakar ƙasa bayan dokar al'ummomin asali ta 1974. Kaciyar 'yan mata da ake yi a babban bikin Ani Sheati, da ɗaure goshin jariri da katako don ya baje, duk sun mutu a tsakiyar ƙarnin, kuma makaranta da coci na da hannu a ciki. Ba ma jin akwai wanda ke kewarsu.

Inda muke so a dakata sosai shi ne batun mace fiye da ɗaya. A da, namijin Shipibo kan auri ya da ƙanwa, abin da zai ba mai karatu Musulmi mamaki tunda shari'a ta hana haɗa su. A tsarinsu kuwa abin ya zauna daidai: kishiyoyin uwarsu ɗaya, madafarsu ɗaya, kowacce na riƙe wa 'yar'uwarta ɗa. Kuma mace mai kishiya takan daɗe ba ta koma wa miji ba bayan haihuwa. Likita Ba'amurke Warren Hern, wanda ya fara zuwa wurinsu a 1964 ya kuma yi ta komawa, ya ƙidaya haihuwar mata a ƙauyuka takwas a farkon shekarun 1980. Ya gano cewa matan da ke da kishiya sun fi samun tazara tsakanin haihuwa da 'yan watanni, kuma 'ya'yansu sun gaza na sauran da kamar ɗa ɗaya. A wani ƙauye da al'adar ta kusa ƙarewa, ya tarar mace na haihuwa kusan goma a rayuwarta. Wato da aka rushe auren mata biyu, ta hanyar wa'azi da makaranta da gorin maƙwabta masu jin Sifaniyanci, an rushe abin da ke hana kwanika, ba a kuma sa komai a gurbinsa ba. Mace ɗaya ta ɗauki cikin da a da mata biyu ke rabawa, da aikin da mata biyu ke rabawa. Duk cocin da zai koyar da auren mace ɗaya a irin wannan wuri, wajibi ne ya zo da ungozoma da ta ƙware, da maganar tazarar haihuwa a fili da harshen matan, da amsa a kan makomar matar da aka ce a saka: wa zai yi mata gona, wa zai kamo wa 'ya'yanta kifi. Majami'un Afirka sun sha wannan muhawara kan yi wa mai mata da yawa baftisma, don haka ba baƙon abu ba ne a kunnenmu.

Sai batun abin sha. Ana dafa rogo, a kirɓa shi, a tauna kaɗan a mayar ciki ko a zuba dankalin hausa, a rufe a babbar randa. Kwana ɗaya yana nan da zaƙi kamar kunu, in ya kai kwana uku ko huɗu ya zama mai bugarwa. Masato ake kiransa a faɗin yankin. Yawancin majami'un bishara sun haramta shi, kuma suna da hujja, domin a wurin shansa ake faɗa har a zare wuƙa. Matsalar ita ce da shi ake biyan gayya. Mai son sare gona ko jan sabon kwale-kwale zuwa ruwa ba ya biyan kuɗi, matarsa ce ke cika randa. Idan aka ce kada a taɓa shi sam, sabon tuba ya rasa masu taya shi aiki, ya koma neman kuɗin ɗaukar lebura, abin da ba shi da shi. Waɗanda suka yi dabara sun raba tsakanin na kwana ɗaya da wanda ya tsima, ko suka koma ga capo, wato nunanniyar agade da aka dafa aka dama da ruwa. Gayya ta ci gaba, maye ya ragu.

Kogi ma yana da nasa hukuncin, kuma takardun tsare-tsare da ake rubutowa daga birni ba sa tunawa da shi. Ruwa na hawa daga Disamba, ya kai ƙololuwa wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ya shanye gonakin agade na ƙasa-ƙasa. Kifi ya bazu cikin daji ya yi wuyar kamu, wannan ne lokacin yunwa da gudawa a yara. Daga Yuni ruwa ya ja baya, ya bar laka da rairayi, a shuka shinkafa da wake da kankana, a kuma kwashe kafin ya dawo. Wanda ya sa taron coci na mako guda a lokacin girbin shinkafa zai ga kujeru wayam, ya ce mutane ba su da himma. Wanda ya gina coci da siminti a gaɓa zai iya wayar gari kogi ya cinye gaɓar ko ya sauya hanya ya bar ƙauyen a bakin mataccen ruwa. Ginin katako a kan turaku ana iya kwance shi a ɗauka. Kwanon rufi ya fi ganye daɗewa, amma da rana ɗakin ya zama tanda, in ana ruwa kuma ba mai jin mai wa'azi. Kuɗin tafiya kusan duk na man fetur ne da injin kwale-kwale mai dogon bindi, wanda suke kira peke-peke, ke sha, kuma hawan kogi ya fi gangara ci nesa ba kusa ba.

Makarantun gwamnati na buɗewa a Maris, daidai lokacin da azuzuwa da yawa ke cikin ruwa. Sakandare kuma sai a manyan ƙauyuka ko birni, don haka yarinya 'yar shekara 12 ko 13 ta bar idon uwa da kaka ta koma zama a gidan baƙi. Jihohin daji irin su Ukayali da Loreto na cikin waɗanda suka fi yawan cikin 'yan mata ƙanana a Peru. Mai ba da tallafin karatu da bai tanadi masauki a hannun wata dattijuwa 'yar dangi ba, ya biya kuɗin makaranta ne kawai ya bar babban abin.

Harshen kansa yana da tarko. A Shipibo mai magana kan liƙa wa zancensa alamar da ke nuna inda ya samo shi: “ra” idan abin da ya sani ne da kansa, “ronki” idan ji ya yi, kamar yadda muke cewa “wai”. Baƙon da ya rikita su a kan mumbari, ko dai ya yi kamar shi ganau ne a kan abin da ya faru shekara dubu biyu da suka wuce, ko ya mayar da imaninsa jita-jita. Ƙirgensu na asali ɗaya da biyu ne, daga uku suka aro daga harshen Kecuwa, kamar yadda muka aro ashirin da talatin daga Larabci. Akwai kuma rikicin rubutu: tsofaffin littattafan mishan sun bi ƙa'idar Sifaniyanci, suna rubuta Conibo, amma baƙaƙen da ma'aikatar ilimi ta amince da su a 2007 suna rubuta Konibo. Kaka na karanta littafin waƙoƙi da tsohon rubutu, jika ya koyo sabo a makaranta, sai karatun iyali da dare ya tsaya. Sake buga littattafan da sabon rubutu ya fi sayen lasifika amfani.

Game da magani, kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa komai a buhu ɗaya a kira shi tsafi. Akwai onanya, mai shan tsimin kurangar nan ta ayahuasca da dare yana rera waƙa a kan mara lafiya. Majami'un bishara ba su yarda da shi ba, kuma yanzu Turawa masu yawon buɗe ido sun mayar da sana'arsa kasuwa mai kawo kuɗi da fitina. Akwai kuma sanin ganye da saiwa, wanda suke kira rao, da kowace uwa ke da rabonta a ciki. Idan aka tsine wa duka biyun, mata ba sa dainawa, ɓoyewa suke yi, har ma'aikacin lafiya ya kasa sanin abin da aka ba yaro kafin a kawo shi. A annobar korona ta 2020, lokacin da asibitocin Pukalpa suka cika, matasan Shipibo ne suka kafa ƙungiyar Comando Matico suna yi wa marasa lafiya sirace da ganyen matiko, a birnin da majami'u suka cika ko'ina.

Yau Shipibo da yawa suna unguwannin Pukalpa da Yarinakoca, wasu kuma a Kantagayo da ke Lima, unguwar da gobara ta cinye a Nuwamban 2016. A birni miji ba ya da gonar suruki da zai noma, haya ake biya, mata ne ke fita talla da kene su dawo da na cefane, tsofaffi kuma an baro su a ƙauye. Mai shirin buɗe coci a irin wannan unguwa ya fara tambayar waɗanne ranaku matan ke fita kasuwa, da kuma wa ke riƙe yara idan sun yi tafiyar mako biyu ko uku.

Mun gode, Malam Edita.

Naku,
Wasu masu karanta jaridarku a kullum