Aminina na shekara 19 ya juya mini baya

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne saboda abin da ya faru ranar Juma'ar da ta wuce ya hana ni barci, kuma ba ni da wanda zan kai wa kukana, domin wanda na saba kai wa shi ne ya yi mini.

Ina da amini wanda muka yi shekara 19 tare. Tun muna makaranta benci ɗaya muke zama, ni nake kwafa masa darasi duk ranar da bai zo ba, kuma lokacin da ya rasa aikinsa na farko wata 7 ya yi a ɗakina, katifa ɗaya muke kwana a kai, ban taɓa ɗaure masa fuska ba ko da rana ɗaya. Ba gori nake yi ba, Allah ya sani, so nake ka fahimci irin zaman da muka yi.

To ranar Juma'ar nan na isa inda muke zama da yamma, mu 8 ne muka saba haɗuwa, na tarar suna ta dariya, ina yin sallama sai kowa ya yi tsit. Shi kuwa ya miƙo mini hannu idonsa na kan wayarsa, ya zare tun kafin in riƙe. Daga baya ɗaya daga cikinsu ya shaida mini cewa sun buɗe sabon rukuni a WhatsApp tun wata guda da ya wuce, kuma aminin nawa ne ya ce kada a sa ni.

Na manta ban faɗa ba, a farkon shekarar nan na yi jinya ta wata 2, sau ɗaya ya zo duba ni, a tsaye ya gaishe ni ya ce sauri yake yi, alhali kowa ya san duba mara lafiya haƙƙi ne, kuma zumunci a ƙafa yake. Mutum ne mai riƙo, tun muna yara haka yake, ba ya mantuwa sai dai ya yi shiru yana tarawa.

Suna cewa wai na tona masa asiri. Gaskiya ne ya gaya mini bashi ya yi masa katutu, ya ce in bar maganar tsakaninmu, ni kuma na gaya wa mutum ɗaya tak a cikinmu domin ina ganin yana da halin taimaka masa. Idan wancan ya baza, laifina ne? Haka kuma lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta ban samu zuwa ba, amma aiki ne ya sha kaina, kuma na kira shi a waya.

Na san hadisin da ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri, shi ya sa raina bai kwanta ba. Amma Malam, kullum ni ne mai fara bi. Abin da ya fi ci mini rai ma sauran 6 ɗin ne, waɗanda na yi wa hidima ba dare ba rana, babu wanda ya buɗe baki ya ce a ji ta bakina. Ashe duk shekarun nan albarkacinsa nake ci a wurinsu?

Ka ba ni shawara don Allah. In ci gaba da zuwa wurin zaman ina ganin ana sauya magana idan na iso, ko in janye jikina? Idan kuma na janye, da yamma ina zan nufa?

Naka mai sauraron shirinka kullum,
Wani bawan Allah