Masana kwamfuta su waiwayi makarantun karkara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan shirin gwamnatin tarayya na mayar da jarrabawar WAEC da NECO ta kwamfuta.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta kacokan, amma har yau kwamfutocin makarantarmu na jibge cikin ƙura, ba wuta, ba malami. Na ga ɗalibar da hannunta ke karkarwa kan linzamin kwamfuta, don ranar jarrabawa ta fara taɓa shi.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar masana kwamfuta ta Najeriya, NCS, su fifita wannan kan tarukan shekara-shekara. Kowane reshen jiha ya ɗauki wasu makarantun karkara, mambobinsa su horar da malamai lokacin dogon hutu.

Naka,
Wani malamin sakandare, Gumel.