A fara tare bakin ƙazanta kafin a yashe kududdufan Kano da dam ɗin Wasai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi tsokaci kan maganar da ke tasowa duk damina, wato gyaran kududdufan cikin birnin Kano da rafin Jakara. Da an ce gyara, abin da ke fara zuwa a zukatan mutane shi ne a kawo katafila a yashe, a zagaye da ƙarfe, a dasa fulawa. Mu kuwa a ganinmu yasa ita ce aikin kusa da na ƙarshe. Wanda ya yashe tafki bai tare abin da ke kwarara cikinsa ba ya yi aikin baban giwa, domin damina biyu ko uku sun isa su mayar da shi yadda yake.

Mafi yawan kududdufan birni ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini da ta ganuwa, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Suna riƙe ruwa lokacin mamako, su rage wa unguwanni ambaliya, su kuma ciyar da rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa duk kududdufin da aka cike da shara aka yanka filoti a kansa, ruwansa yakan nemi hanya ta cikin ɗakunan makwabta. Jakara kuma tana ratsa gari tana kwasar ruwan kwatoci da na mayanka, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zube a dam ɗin Wasai da ke yankin Minjibir. A bakin wannan ruwa ake noman latas da kabeji da alayyahu da ke dawowa kasuwanninmu.

Abin da ke kashe irin wannan ruwa shi ne abincin da ya yi masa yawa. Bahaya da fitsari da ruwan sabulu suna ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda su ne dai ke cikin takin zamani. Idan suka taru, gansakuka da kainuwa su rufe saman ruwa. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin, da dare kuma tana shanye ta, ga ruɓaɓɓen da ke ƙasa shi ma yana ci. Kifi yana son wajen miligiram 5 na oksijin a kowace lita, idan ya sauka ƙasa da 2 sai mutuwa. Wannan ne ya sa ake wayar gari a tarar da kifaye sun taso sun yi fari, ba don wani ya zuba guba ba. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi kuma iska ce da lakar ƙasa ke fitarwa idan oksijin ya ƙare.

To daga ina ƙazantar take? Kano ba ta da bututun ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa gidaje kamar wasu sassan Abuja da ke zuba a matatar Wupa. Mu masai ne da sokawe. A lissafin da ake amfani da shi wajen auna zurfin masai, mutum ɗaya yana tara lita 40 zuwa 60 na dagwalo, wato kaurin ƙazantar da ke taruwa a masai, a shekara. Mutum miliyan ɗaya ke nan suna tara wajen lita miliyan 50, ban da ruwan da ke haɗe da na sokawe. Masai dole ya cika, mai yasa dole ya zo, da mota ko da bokiti da durom a kan kura. Tambayar da tsarin gari ya kamata ya fara amsawa ita ce: idan ya kwasa, ina zai kai? Idan babu wuri, ko wurin ya yi nisan da kuɗin mai zai cinye ribarsa, zai juye a kwata ko kududdufi mafi kusa cikin dare. Kamen 'yan duba-gari ba zai hana ba muddin ba a nuna masa inda zai zuba ba. Jihar Jigawa ta samu shaidar daina bahaya a fili a 2022, abin yabo ne, amma duk garin da ya yawaita masai ya sani cewa ya ɗauki alkawarin yasa nan da 'yan shekaru.

Matatar dagwalo ba ta buƙatar injina masu tsada, kuma rana da iskar ƙasarmu suna yin rabin aikin. Mota tana juyewa ta kan ragar ƙarfe mai tazarar santimita ɗaya zuwa biyu, don a tare leda da tsumma da kunzugun yara. Wannan raga ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ke fara jawo matsala: idan ba a kwashe ta kullum da manjagara ba, bututu ya toshe, direbobi su koma juyewa a gefe. Daga nan dagwalon ya shiga tankin kwantarwa, inda mai nauyi zai zauna a ƙasa, ruwa ya tsaya a sama. A gina tanki biyu, ɗaya na karɓa ɗaya na hutawa ana kwashe shi.

Mai kaurin sai a kai shi gadon shanya. Gadon wani faffaɗan kwami ne na siminti, a ƙasansa bututu mai huji-huji, a kan bututun tsakuwa mai kaurin santimita 20 zuwa 30, manya a ƙasa ƙanana a sama, sannan yashi mai tsabta santimita 10 zuwa 15. Ana zuba dagwalo kada ya wuce santimita 20 zuwa 30. Fiye da rabin abin da aka zuba yakan tsiyaye ta ƙasa a kwanakin farko, sauran rana ta busar, cikin kwana 10 zuwa 15 a lokacin rani ya tsattsage ya zama kamar busasshen taɓo, a kwashe da shebur. Kuskuren da aka fi yi uku ne. Na farko, a zuba sabo a kan wanda bai gama bushewa ba, sai duka su jiƙe. Na biyu, a cika gadon fiye da ƙima saboda motoci sun yi layi, sai sama ya yi ɓawo ƙasa ya ƙi bushewa. Na uku ya fi ɓoyuwa: duk kwasa ana tafiya da ɗan yashi, idan ba a ƙara ba sai dagwalo ya sauka cikin tsakuwa ya toshe ta, gadon ya mutu. A watan Yuli da Agusta kuwa gadon da ba shi da rufin kwano mai haske ba ya bushewa, don haka a rufe ko da kashi ɗaya cikin uku na gadajen. Dagwalon banɗakin kasuwa da tasha, da yake sabo ne bai ruɓe ba, ba ya sakin ruwa da sauƙi, sai an gauraya shi da na sokawe, misali shi ya zama kashi ɗaya cikin uku na haɗin.

Girman filin ma lissafi ne mai sauƙi. Murabba'in mita ɗaya na gado yana ɗaukar kilo 100 zuwa 200 na busasshen dagwalo a shekara. A ce matata tana karɓar mota goma masu lita 10,000 a rana, kuma kashi 3 cikin 100 ne busasshe. Tan uku ke nan a rana, tan 900 a kwanakin aiki 300. A kan kilo 150, ana buƙatar murabba'in mita 6,000, wanda bai kai filin ƙwallo ɗaya ba. Saboda haka ƙananan matatu huɗu ko biyar a kusurwoyin gari sun fi ƙatuwa ɗaya a bayan gari, domin nisan tafiya shi ne ke yanke hukuncin inda direba zai juye.

Ruwan da ya tsiyaye baƙi ne, kada a sake shi haka. Ya bi ta tafkunan tacewa a jere: na farko mai zurfin mita 2 zuwa 5 na 'yan kwanaki, na biyu mai zurfin mita ɗaya da rabi inda zai yi mako biyu zuwa huɗu, na ƙarshe mara zurfi, wajen mita ɗaya, inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. A shafe ƙasansu da yumɓu ko a shimfiɗa roba, in ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ƙazantar ta sauka rijiyoyin unguwa.

Busasshen dagwalo bai zama taki ba tukuna. Ƙwan macijin ciki yana jure bushewa, yana iya rayuwa watanni da yawa. Ana haɗa kashi ɗaya na dagwalo da kashi biyu ko uku na sharar kasuwa mai ruɓewa, irin ganyen kayan gwari da ɓawon 'ya'yan itace da dusar katako, a tara tsibi mai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Zafin cikin tsibin ya kai digiri 55 ya zauna a haka kwana 15, ana juyawa aƙalla sau biyar don na gefe ya shiga tsakiya. Danshinsa ya zama idan an damƙa ya dunƙule amma ruwa bai zuba ba. Da iskar hunturu tsibi yakan bushe ya huce, sai an yayyafa ruwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a samu ƙwan tsutsa ko ɗaya a giram na busasshen taki. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen shara don gonakinsu, kasuwar takin tana nan, tsabtarsa ce ta rage. Sai dai sharaɗi guda ba ya karɓar sassauci: dagwalon kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai kada ya kusanci wannan matata. Yana ɗauke da ƙarfen kiromiyam, wanda zafi ba ya kashewa, lokaci ba ya ruɓarwa. Mota ɗaya ta isa ta ɓata takin wata guda. Nasu a tace a harabarsu, a binne a ramin da aka killace.

Sai bayan wannan a juyo ga kududdufan da dam ɗin kansu. A tafkin Washington da ke gefen birnin Siyatil na Amurka, karkatar da ruwan ƙazanta kawai aka yi tsakanin 1963 da 1968, ruwan ya washe da kansa cikin 'yan shekaru, saboda yana da zurfi kuma koguna na wanke shi. Tafkin Trummen na Suwidin kuwa, da yake mara zurfi ne kamar namu, an tare ƙazanta tun ƙarshen shekarun 1950 amma bai farfaɗo ba, domin lakar ƙasansa ta ci gaba da sakin fosfaras, sai da aka zuƙe ta a 1970 da 1971. A birnin Accra na Ghana an sha yashe tafkin Korle yana sake cika, saboda kogin Odaw bai daina kawo shara ba. Kududdufanmu za su buƙaci tarewa da yasa duka biyu, amma tarewar ce farko.

Tarewar tana nufin a bi kowace kwata da ke shiga, a ƙirga su, a auna abin da suke kawowa da rani. Ruwan rani kusan duka ƙazanta ce, sai a yi masa ƙaramin lambatu da zai zagaye kududdufin ya kai shi wurin tacewa, a bar ruwan sama mai yawa ya tsallake ya shiga. A bakin kowace mashiga a sa raga da ramin tare yashi, a riƙa kwashewa kafin damina da bayanta. Inda akwai fili, ruwan ya ratsa ta cikin fadamar ciyayi da aka dasa, amma a riƙa yanka, domin kachalla da ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru ta nuna abin da take yi idan aka ƙyale ta.

Kafin yasa a soka sanda ko bututu a wurare da dama a san kaurin laka, a kai samfur ɗakin gwaji a nemi dalma da kiromiyam. Sakamakon ne zai nuna ko lakar ta gona ce ko ta binnewa. A yi aikin a Maris da Afrilu lokacin da ruwa ya ja. Kada a huda yumɓun da ke ƙasan lakar, shi ne ke riƙe ruwan. Kada kuma a jibge abin da aka yaso a bakin gaɓa, kamar yadda muke gani a yasar kwatoci, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Gaɓar a yi ta da gangare mai sauƙi, tsayi ɗaya a kan faɗi uku, saboda yara da ke faɗawa ba sa iya fita daga gaɓa mai miƙe. Kainuwa a kwashe ta gaba ɗaya a fitar, sassara ta a cikin ruwa yaɗa ta ne, kuma ruɓewarta na mayar da sinadarin da ta tsotsa. Wanke ciyawar gefe na rage sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Su ma masu yasar a sa su cikin tsari: rajista, safar hannu da takalmin roba, da dokar cewa babu mai shiga ramin sokawe, domin iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙu, mai bin sa don ceto shi ma ya faɗi. Lungunan cikin birni da mota ba ta shiga suna buƙatar famfon hannu da durom mai murfi, da tankin tarawa a bakin titi inda babbar mota za ta zo ta zuƙe. Juyewa a matata ya zama kyauta a shekarun farko, don kuɗin shiga kaɗan ma yana korar direba.

Muna kira ga masu tsara kasafin jiha da su ware kuɗin yashi da manjagara da albashin masu gadi da ma'aikatan matata a matsayin kuɗin kowace shekara, su kuma sa a riƙa auna oksijin na Wasai da manyan kududdufai da asuba sau ɗaya a wata, a buga alƙaluman a jarida kowa ya gani.

Wassalam.

Naka,
Wasu ma'aikatan ruwa da tsabtar muhalli,
Kano.