Batun Kuwait da Iraƙi: a sake duba takardun 1899, 1913 da 1922

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin shirinku na tarihi, kuma ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuto muku ba sai yau. Abin da ya tayar da ni shi ne maganar da baƙonku ya yi a makon jiya, inda ya ce Kuwait yanki ce ta Iraƙi, Turawan Ingila ne suka yanke ta domin su hana Iraƙi bakin teku. Mai gabatarwa bai ja da shi ba, aka wuce. Maganar nan na san ta, don ni ma na riƙe ta a 1990, shekarar da Saddam ya mamaye Kuwait, lokacin da ake sa wa jarirai sunansa a garuruwanmu, muna kwana kunne a jikin rediyo. Daga baya da na zauna na karanta yadda abin ya faru, sai na ga akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma an yanke mata kai da ƙafa. Shiri irin naku bai kamata ya bar masu sauraro da rabin labari ba.

Gaskiya ne cewa Kuwait ta taɓa zama ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba). A 1871, lokacin da gwamnan Bagadaza Midhat Pasha ya tura runduna zuwa Al-Hasa, a gabashin Saudiyya ta yau, Shehun Kuwait Abdullahi Al-Sabah ya taimaka masa, aka ba shi sarautar ƙa'immaƙam, wato kamar hakimi, aka lissafa garinsa cikin yankin Basra. Jiragen ruwan Kuwait suna ɗaga tutar Turkawa. To amma babu sansanin sojan Turkawa a garin, kuma gidan Sabah ne ke mulki tun tsakiyar ƙarni na 18. Garin masunta ne da fatake da masu nutson lu'ulu'u, ko ruwan sha sai an ɗauko a jirgi daga Shaɗɗul Arab. Shehunan suna da gonakin dabino a wajen Fao, cikin ƙasar da Turkawa ke riƙe da ita sosai, don haka dole su lallaɓa Basra. Mubaya'a ce ta baki da tuta, kowa kuma ya san iyakarta.

Abin ya sauya ne a 1896, sa'ad da Mubarak Al-Sabah ya kashe 'yan uwansa biyu, Muhammad da Jarrah, ya hau gadon mulki. 'Ya'yan mamatan suka tsere Basra suna neman a bi musu hakkinsu. Mubarak ya ga idan Turkawa suka juya masa baya, kashinsa ya bushe, sai ya nemi Ingila ta kare shi. Da fari ta ƙi. Ba ta sauya ra'ayi ba sai da aka fara jin ƙishin-ƙishin cewa wani ɗan Rasha mai suna Kapnist yana neman izinin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga gaɓar Bahar Rum zuwa Kuwait, ga kuma Jamusawa da nasu shirin na hanyar Bagadaza, su ma idonsu na kan tashar ruwan garin. Ingila ba don son Mubarak ta zo ba, hanyar Indiya take gadi. Ran 23 ga Janairu 1899 wakilinta a yankin, Kanar Meade, ya ƙulla yarjejeniyar sirri da shi: ba zai karɓi wakilin wata ƙasa ba, ba zai sayar ko ya ba da haya ko jinginar da wani yanki na ƙasarsa ba, sai da yardar Ingila. Aka ba shi rupi 15,000. Duk da haka Mubarak bai ajiye sarautar da Turkawa suka ba gidansu ba. Ya riƙe wannan da hannun dama, ya riƙe waccan da hagu. A 1901 da Turkawa suka turo jirgin yaƙi, jirgin Ingila ne ya hana a sauke soja a garin.

Inda nake so a tsaya a kai sosai shi ne 1913, domin a nan ne tushen rigimar yake. Ran 29 ga Yuli na wannan shekara, a birnin Landan, ministan harkokin wajen Ingila Edward Grey da wakilin Turkawa Ibrahim Hakki Pasha suka sa hannu a kan wata yarjejeniya. A cikinta Ingila ta amince cewa Kuwait gunduma ce ta Daular Usmaniyya mai cin gashin kanta. A cikinta kuma Turkawa suka amince da yarjejeniyar 1899, suka ɗauki alkawarin ba za su tsoma baki a harkokin cikin gidan Kuwait ba, har da batun gadon sarauta. Aka ja layi biyu a taswira: ja, mai kama da rabin da'ira kewaye da garin, wanda ya haɗa da tsibiran Warba da Bubiyan, sai kuma kore, mai faɗi, inda Shehu ke da ikon karɓar zakka daga ƙabilu. Mai karatu ya duba da kyau. Takarda ɗaya ta ce Kuwait ta Sarkin Istanbul ce, ta kuma ce ba shi da ta cewa a cikinta. Wannan harshen damo ba kuskure ba ne, da gangan aka yi shi, don kowace daula ta koma gida ta ce ba ta faɗi ba. Babu ɗan Kuwait a teburin, babu ɗan Basra. Kafin ma a tabbatar da yarjejeniyar, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ta zama takarda marar ƙarfin doka. A Nuwamban 1914 Ingila ta shaida wa Mubarak cewa ta ɗauki Kuwait a matsayin masarauta mai zaman kanta ƙarƙashin kariyarta.

Mu 'yan Nijeriya mun san ɗacin irin wannan takarda. A wannan shekarar ta 1913, a watan Maris, Ingila da Jamus suka ƙulla yarjejeniyar da kotun duniya ta dogara da ita a 2002 ta ba Kamaru Bakassi.

Sai abin da baƙon naku bai ambata ba ko kaɗan, wanda kuma shi ne ya fi taɓa mini zuciya. Idan ana neman wanda Ingila ta yanka wa ƙasa, to Kuwait tana sahun gaba. A ƙarshen 1922 aka yi taro a Uƙair, a gaɓar tekun Al-Hasa, don shata iyaka tsakanin Iraƙi da Najadu (tsakiyar Saudiyya ta yau) da Kuwait. Abdul'aziz Ibn Sa'ud, mai mulkin Najadu, ya zo da kansa. Iraƙi ta turo minista. Kuwait kuwa, jami'in Ingila da ke zaune a garin, Manjo More, shi aka ce ya wakilce ta. Da gardama ta ƙi ƙarewa, Percy Cox, babban kwamishinan Ingila a Iraƙi, ya ɗauki jan fensir ya ja layi da kansa. Ya ba Iraƙi wani yanki da Ibn Sa'ud ke cewa nasa ne, sannan don ya sanyaya masa rai ya ɗebi kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar da koren layin 1913 ya bar wa Kuwait ya miƙa masa. Shehun Kuwait na lokacin, Ahmad Al-Jabir, sai labari ya samu bayan an gama. An ba kura ajiyar nama, kuma yarjejeniyar 1899 ce ta ɗaure masa hannu, don ita ta hana shi magana da kowa sai ta bakin Ingila.

Ban ce Iraƙi ba ta da abin kuka ba. Ƙasa mai girma haka, bakin tekunta bai kai kilomita 60 ba, kuma mashigar tashar jiragen ruwanta ta Ummu Ƙasr tana bi ne ta gefen Warba da Bubiyan. Wannan ƙunci ne na gaske, ya cancanci a zauna a yi masa magani. Amma kuka a kan mashigar ruwa daban, cewa ƙasar wani gaba ɗaya taka ce daban. Iraƙin kanta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka haɗa ta daga yankunan Mosul da Bagadaza da Basra, aka naɗa mata Sarki Faisal a 1921. Hannun da ya zana Kuwait shi ya zana ta. Turkiyya kuma, wadda ake cewa an gaji hakkin daga gare ta, ta sauke duk wata da'awa a kan waɗannan ƙasashe a yarjejeniyar Lozan ta 1923. A 1932 firayim ministan Iraƙi Nuri al-Sa'id ya tabbatar da iyakar a rubuce. Da Kuwait ta samu 'yanci ran 19 ga Yuni 1961, ko mako ba a yi ba shugaban Iraƙi na lokacin, Abdulkarim Ƙasim, ya ce tasa ce, sojan Ingila suka dawo, daga baya rundunar ƙasashen Larabawa ta maye gurbinsu. A Oktoban 1963 gwamnatin da ta kifar da shi ta amince da 'yancin Kuwait. Duk wannan yana nan a rubuce kafin tankokin Saddam su tsallaka ran 2 ga Agusta 1990, ya kira ƙasar lardi na 19.

Abin da ke damuna shi ne yadda ƙin mulkin mallaka, wanda ni ma ina da shi har cikin ɓargo, yake sa mu yarda da duk wanda ya ce zai gyara ɓarnar Turawa da bindiga. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu a 1990 da 1991 ba Grey ba ne, ba Cox ba ne. Mutanen Kuwait ne da aka mamaye musu gidaje, da dubban baƙin ma'aikata da suka maƙale a sahara, sannan talakawan Iraƙi da suka sha ruwan bama-bamai da takunkumi na shekara goma sha uku. Har sojan Jamhuriyar Nijar sai da aka kai Saudiyya saboda wannan yaƙi. Kuma maganar ba ta mutu ba: a Satumban 2023 kotun ƙolin Iraƙi ta soke dokar da ta tabbatar da yarjejeniyar zirga-zirga a mashigar ruwa ta Khor Abdullah da ke tsakanin ƙasashen biyu, tsohon miki ya sake tashi.

Roƙona, Malam Edita, ku sake ware wa batun nan shiri guda. Ku gayyato masanin da zai karanta wa masu sauraro abin da takardun nan uku suka ƙunsa da Hausa, ya faɗi wanda ya sa hannu a kowace da wanda ba a gayyata ba. Shi ma baƙon makon jiya a dawo da shi, a tambaye shi inda zai ajiye taron Uƙair a cikin bayaninsa.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
daga Zariya