Sabuwar Taya Ba Ta Gyara Karkatacciyar Ƙafar Mota

Ya Mai Girma Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin masu motocin gudu, musamman matasanmu na Abuja da Kaduna da Kano, game da wani sakaci da ke cin dukiyarsu yana kuma jefa rayukan jama'a cikin haɗari. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi ya sanya wa motarsa sababbin tayoyi, amma da zarar an ce masa ya wuce wurin alaimen a auna saitin ƙafafun motar, sai ya ɗauka ana neman yi masa wayo ne, ya ja motarsa ya hau titi.

Ya kamata a fara da faɗin gaskiya, domin masu wannan ƙorafi suna da ɗan abin kamawa. Cire tsohuwar taya da ɗaura sabuwa ba ya taɓa saitin ƙafa ko kaɗan, saboda saitin yana jikin ƙarafa da robobin da ke riƙe da tayar ne, kamar tayarod da boljoyin da bushin. Sai dai wannan magana tana yanka ta fuska biyu. Idan canjin taya bai ɓata saiti ba, to bai gyara shi ba kuma. Mutumin da ke taka ƙasa a karkace, ko sau nawa ya sayi sabon takalmi, gefen da dunduniyar tsohon ta cinye nan ne sabon zai fara ci. Duk abin da ya lalata tsofaffin tayoyi yana nan daram yana jiran sababbi.

Saboda haka nake ba kowane mai mota shawarar kada ya bari mai faci ya mirgina tsohuwar tayar zuwa bayan shago kafin ya duba ta da kyau, domin ita ce babbar shaida. A kwantar da ita a ƙasa, a dubi gefen ciki wanda ido ba ya gani lokacin da take jikin mota. Sau da yawa za a tarar gefen waje yana da sauran zane mai kyau, alhali gefen ciki ya suɗe ƙal, har wayoyin ƙarfe sun fara leƙowa suna sukar yatsa. A kuma shafa tafin hannu a kan zanen daga ciki zuwa waje, sannan a dawo: idan ta ɓangare ɗaya santsi ne, ta ɗayan kuma kaifi ne kamar haƙoran zarto, to tayar ba ta tafiya a miƙe. Idan kuwa tsakiya ce kaɗai ta cinye, iska ce ta yi yawa, idan gefe biyu ne suka cinye tare, iska ce ta yi kaɗan, kuma waɗannan biyun ba aikin alaimen ba ne.

Kusurwoyi uku ake aunawa. Akwai kamba, wato jinginar saman taya zuwa ciki ko waje, akwai kuma kasta, wadda ke sa sitiyari ya komo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Amma wadda ta fi cin taya ita ce ta uku, wato yadda bakin tayoyin ke fuskantar juna ko yake baje wa juna idan an dube su daga sama. Lissafin ba shi da wuya. Tayar da ta kauce daga hanyarta da kashi 1 cikin 5 na digiri guda, abin da babu idon da zai iya gani, ana jan ta a gefe bisa kwalta kimanin mita 3 da rabi a kowace kilomita. A auna wannan da tafiyar Abuja zuwa Kano da dawowa, a cikin zafin bazara, sannan a gane dalilin da ya sa tayar da aka saya da tsada take ƙarewa tun ba a gama jin zafin kuɗinta ba.

Abin ya fi tsanani a motar gudu, kuma nan ne nake ganin mutane da yawa ba su fahimta ba. Tayar Corolla mai lamba 195/65 R15 tana da bango, wato gefen tayar daga rim zuwa inda take taɓa ƙasa, mai tsayin kusan milimita 127, wanda ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe. Tayar motar gudu mai lamba 255/35 R19 kuwa bangonta bai kai milimita 90 ba, ga shi sifirin da shokozoban motar masu tauri ne, don haka kowane rami da kowane tudun rage gudu kusan kai tsaye yake sauka a kan rim da ƙarafan ƙafa. Robar irin waɗannan tayoyi tana da laushi domin ta kama titi, wanda ke nufin ko da saiti lafiya lau ba ta daɗewa kamar ta sauran motoci. Bugu da ƙari, motoci irin su Porsche 911 da BMW M4 da Chevrolet Corvette suna zuwa da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi, saboda haka babu damar a riƙa musanya gaba da baya domin cin ya daidaita. Inda taya ta fara ci, nan za ta ƙare.

Ba batun kuɗi ne kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Motar da saitin bayanta ya kauce tana iya tafiya sumul a cikin gari, amma ranar da aka taka birki da ƙarfi a babban titi, ko aka shiga kwana bayan an yi ruwa, sai bayan motar ya nemi ya riga gabanta. Wanda ke gefen hanya yana jiran a-daidaita-sahu bai san komai game da kamba ba, amma shi ne zai biya kuɗin sakacin.

Su ma masu wuraren alaimen ina da magana da su, domin rashin yardar da jama'a ke nuna musu ba daga sama ta faɗo ba. Akwai inda za a ɗora mota a kan na'ura, a ɗan murɗa tayarod na gaba har sitiyari ya miƙe, a ce an gama, ba a ko kalli baya ba. Wannan ba aiki ba ne a motar da kowace ƙafarta ta baya ke da nata saitin. Aiki na gaskiya yana farawa ne da daidaita iska bisa adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, sannan a girgiza kowace ƙafa a tabbatar babu boljoyin ko bushin da ya saki, domin saita ƙafar da ke rawa ɓarnar kuɗi ce kawai. Daga nan a zaɓi ainihin samfurin motar da shekararta a kwamfuta, a fara da baya, a ƙare da gaba. Motocin gudu da yawa kamfani ne da kansa ya ɗan jingina saman tayoyinsu zuwa ciki domin su riƙe titi a kwana, kuma bakaniken da ya miƙar da su tsaye cak da sunan gyara ya rage wa motar abin da aka ƙera ta dominsa. Haka kuma, a motoci da dama na zamani sai an sake saita na'urar da ke karanta juyin sitiyari, wadda tsarin hana zamewa ya dogara da ita.

Haƙƙin mai mota ne a miƙa masa takardar awo mai nuna lambobin kafin gyara da na bayan gyara. Idan awon farko ya nuna komai yana cikin iyaka, kada a taɓa ko noti ɗaya, a karɓi kuɗin awo kawai a sallame shi. Bakaniken da ya yi haka ya sami abokin ciniki na dindindin.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana wayar da kai game da tayoyin da suka tsufa, har direbobi da yawa sun iya karanta lambobi huɗun nan na jikin taya, inda 2423 ke nufin mako na 24 na shekarar 2023. Ina roƙon hukumar ta haɗa da batun saitin ƙafa a cikin wannan faɗakarwa, ina kuma roƙon dillalan taya su mayar da shi al'ada su nuna wa mai saye cikin tsohuwar tayarsa kafin su ɗaura sabuwa. Kai kuma, Mai Girma Edita, da za ka tura wakilinka na shafin motoci ya zaga wuraren alaimen na garuruwanmu ya ga nawa ne ke auna ƙafa huɗu suna ba da takarda, da masu karatu sun amfana ƙwarai.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kaduna.